Kafin a Harba Bam: Abin da Masana'antar Makamin Nukiliya ta Rocky Flats Ta Yi wa Ma'aikatanta da Maƙwabtanta

Tun bayan hare-haren da Isra'ila da Amurka suka kai wa cibiyoyin nukiliyar Iran a watan Yunin 2025, zancen makamin nukiliya ya shiga majalisun hira da shafukan Facebook na Hausa. Muhawarar ta fi tsayawa a kan wa ke da shi, wa ba shi da shi, da kuma dalilin da zai sa wasu su mallaka su hana wasu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina ake ƙera makamin, su wa ke ƙera shi da hannunsu, kuma me ke samun garin da masana'antar take? Da yawanmu mun ɗauka cewa bam ɗin nukiliya ba ya taɓa kowa sai ranar da aka harba shi. Sau biyu aka taɓa jefa shi a kan mutane a yaƙi, a Hiroshima da Nagasaki cikin Agustan 1945, amma ƙasashen da suka ƙera shi sun shafe shekara tamanin suna fama da gubarsa a cikin gidajensu.

Wurin da ya fi nuna wannan a fili shi ne Rocky Flats, wata masana'anta a jihar Colorado ta Amurka, kimanin kilomita 25 arewa maso yamma da birnin Denver. Ta yi aiki daga 1952 zuwa 1989. Yau an rushe ta, amma rigimarta ba ta mutu ba.

Masana'antar makami daban, tashar lantarki daban

Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta. Tashar lantarki ta nukiliya tana amfani da yuraniyom da aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ta dafa ruwa, tururin ya juya injin. Makami kuwa yana buƙatar yuraniyom da aka tace zuwa wajen kashi 90, ko kuma wani ƙarfe da ake kira fulutoniyom, wanda ba a haƙo shi daga ƙasa, ɗan Adam ne ke samar da shi a cikin tukunyar nukiliya.

A Amurka an rarraba aikin. A Hanford ta jihar Washington da Savannah River ta jihar South Carolina ake samar da fulutoniyom ɗin. Daga nan a kai shi Rocky Flats, a narka, a zuba a mazubi, a feƙe shi da inji har ya zama wani ƙwallo mai rami a ciki, wanda bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba. Wannan ƙwallon shi ne zuciyar makamin, shi ke tayar da fashewar. Sai a tura shi Pantex ta jihar Texas a harhaɗa. Wato Rocky Flats ba ta da tukunyar samar da fulutoniyom, maƙera ce kawai. Kimanin ƙwallaye 70,000 aka ƙera a can. Idan aka tuna cewa bam ɗin da ya rusa Nagasaki fulutoniyom ɗinsa bai fi kilo 6 da 'yan kai ba, za a gane irin abin da ya ratsa ta cikin waɗannan gine-gine.

Halin fulutoniyom

Ƙarfe ne mai halaye uku masu wuyar sha'ani. Ɓarɓashinsa kan kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Idan kuma ya taru da yawa a wuri ɗaya, musamman ga ruwa a kusa, yakan tayar da wani tartsatsin nukiliya da ke iya kashe wanda ke tsaye a gefe. Saboda haka mai kashe gobara yana tsaka mai wuya: ga wuta, ga kuma tsoron zuba ruwa.

Hali na uku shi ne wanda aka fi kasa fahimta. Tururin nukiliya da yake fitarwa, wato radiyeshin da ido ba ya gani, ba ya tafiya nesa, fallen takarda ko fatar jiki ma na iya tare shi. Wannan ne ya sa wasu ke cewa ba shi da wani haɗari. Matsalar tana farawa idan ƙwayar ƙurarsa, wadda ido ba ya gani, ta shiga huhu ta hanyar numfashi ko ta shiga jini ta wani rauni. A nan babu fatar da za ta kare. Sai ta zauna a huhu ko ta wuce hanta da ƙashi, ta yi shekaru tana ƙona naman da ke kewaye da ita, daga baya ta iya zama sankara. Irin fulutoniyom ɗin da ake makami da shi sai ya shekara 24,100 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

Shi ya sa ma'aikatan ba sa taɓa shi kai tsaye. Akwai wasu dogayen akwatuna na ƙarfe, rufaffu ruf, masu tagar gilashi ko roba. A jikin kowane akwati an maƙala safar hannu mai kauri da ke kaiwa har kafaɗa. Ma'aikaci zai zura hannayensa, ya jingina ƙirjinsa da akwatin, yana leƙe ta tagar yana aiki. Iskar da ke ciki ana zuƙe ta ta bututu zuwa wasu matatai kafin ta fita ta dogon bututun hayaƙi. Rayuwar ma'aikaci ta rataya ne a kan kada safar ta huje, ta maƙwabta kuma a kan kada matatan su lalace. Dukansu biyu sun faru.

Gobara biyu da gangunan da suka yi tsatsa

Kuskuren farko tun wajen zaɓen fili aka yi shi. Masu zaɓen sun dogara da bayanan iska na filin jirgin saman Denver, alhali a Rocky Flats iskar daga tsaunuka take gangarowa, ta nufi gabas da kudu maso gabas inda unguwannin Denver suke, kuma takan haura gudun kilomita 150 cikin awa guda.

Daren 11 ga Satumban 1957 wuta ta tashi a cikin ɗaya daga akwatunan nan a gini mai lamba 771. Masu kashe gobara suka gwada iskar kashe wuta, ta ƙi. Dole suka zuba ruwa duk da haɗarinsa. Wutar ta bi bututun iska ta cinye matatan, hayaƙi mai ɗauke da fulutoniyom ya fita sarari. Sai da aka yi kusan awa 13 kafin a ce ta mutu. Ba a kwashe kowa ba, ba a ce wa mazauna yankin su rufe tagogi ba, ba a kuma faɗa musu gaskiyar abin da ya fita ba.

A tsaya a dubi wannan watan da kyau. Ranar 29 ga Satumban 1957 tankin sharar nukiliya ya fashe a Mayak, masana'antar fulutoniyom ta Tarayyar Sobiyet, aka kwashe mutum wajen 10,000, gwamnati kuma ba ta amsa faruwar abin ba sai 1989. Ranar 10 ga Oktoba tukunyar Windscale ta Birtaniya ta kama wuta, har aka riƙa zubar da madarar shanun yankin. Ƙasashe uku, akidu mabambanta, cikin wata guda, kuma kowacce ta rufe bakin jaka gwargwadon iyawarta.

Gobara ta biyu a Rocky Flats ta tashi ranar 11 ga Mayun 1969 a gini 776 da 777. Ita ce hatsarin masana'anta mafi tsada da Amurka ta taɓa gani zuwa lokacin, kuma an shafe shekara biyu ana sharar wurin. Rufin ginin ne bai ɓule ba, shi ya tsare Denver daga babban bala'i.

Amma abin da ya fi ba ni takaici ba gobara ba ne, domin gobara tsautsayi ce. Tun daga 1958 aka riƙa jibge ganguna cike da man inji da ya gurɓata da fulutoniyom a wani fili da ake kira 903, a sarari, rana ta dake su, ƙanƙara ta dake su. Sun haura 5,000. Ba a jima ba aka ga sun fara yoyo. An sani, an rubuta, aka ci gaba da ƙara wasu. Man ya jiƙa ƙasa, ƙasar ta bushe, iska ta kwashe ta zuwa gabas. Sai a 1967 da 1968 aka kwashe gangunan, a 1969 aka shimfiɗa kwalta a wurin. Jama'a ba su ji labari ba sai 1970, lokacin da wani masanin kimiyya mai suna Edward Martell ya auna ƙasar da ke wajen shingen masana'antar ya samu fulutoniyom a ciki. A ƙoƙarin musanta cewa gobarar 1969 ce sila, jami'ai suka fito da labarin gangunan da na gobarar 1957. A 1973 kuma aka samu sinadarin tiritiyom, shi ma mai fitar da tururin nukiliya, daga masana'antar a madatsar ruwan sha ta garin Broomfield.

Wa ke sa ido a kan wa?

Nan ne gindin maganar. Masana'antar ta gwamnati ce, amma kamfani ke tafiyar da ita a kwangila: Dow Chemical daga farko zuwa 1975, sai Rockwell International zuwa ƙarshen 1989. Hukumar Makamashin Nukiliya, wadda daga baya Ma'aikatar Makamashi ta gaje ta, ita ce mai wurin, ita ce mai sayen kayan, ita ce kuma mai duba ko ana bin ƙa'idar tsaro. An ba kura ajiyar nama. Duk lokacin da tsaron lafiya ya ci karo da cika adadin ƙwallayen da sojoji ke jira, an san wanda zai ba da hanya.

Ga kuma sirri. Ma'aikaci ba shi da ikon gaya wa matarsa abin da yake yi, balle ɗan jarida. Babu shakka akwai abin da ya cancanci a ɓoye, kamar yadda ake ƙera ƙwallon. Sai dai hatimin sirrin da aka buga a kan zanen makami shi aka buga a kan rahoton ganga mai yoyo. Hukumomin kare muhalli na jiha da na tarayya sun daɗe ba su da ta cewa, domin Ma'aikatar Makamashi ta dage cewa dokar shara mai guba ba ta hau kanta ba, har sai da wata kotun tarayya ta yanke akasin haka a 1984 a shari'ar da ta shafi wata masana'antar makaman nukiliya da ke Oak Ridge ta jihar Tennessee. A kan wannan duka, kwangilar ta tanadi cewa gwamnati ce za ta ɗauki mafi yawan asarar da ta biyo bayan ɓarna. Kamfanin da ya san ba aljihunsa zai yi kuka ba, me zai sa ya kashe kuɗi a kan matata?

Misali ɗaya ya isa. An riƙa kwaso laka mai guba daga tafkunan shanya ruwan shara, a kwaɓa da siminti a zuba a kwalaye domin ta daskare ta zama bulo. Aka rage simintin. Dubban bulullukan suka ƙi daskarewa, suka zama kamar kunu, suka fasa kwalayen suna malala a filin da aka jera su.

Ranar da gwamnati ta kai wa kanta samame

Ranar 6 ga Yunin 1989 jami'an FBI da na hukumar kare muhalli ta EPA, sama da 70, suka shiga Rocky Flats da takardar izinin bincike. Wannan ne karo na farko da wata hukumar tarayyar Amurka ta kai wa wata samame irin wannan. Jami'in da ya jagoranci binciken, Jon Lipsky, ya samu bayanai daga ma'aikatan ciki. Kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da aikin fulutoniyom, kuma ba a sake komawa ba. A 1990 aka gano kimanin kilo 28 na fulutoniyom maƙale a cikin bututun iskar gine-ginen. Daga baya Ma'aikatar Makamashi ta amsa cewa akwai sama da tan ɗaya da lissafinta bai nuna inda ya shiga ba, ta ce mafi yawansa ya laƙe a bututu ne ko ya bi sharar da aka kai jihar Idaho.

Kotu ta kafa kwamitin 'yan ƙasa 23 su saurari shaidu, ƙarƙashin wani makiyayi mai suna Wes McKinley. Sun yi sama da shekara biyu suna zama, suka nemi a gurfanar da wasu jami'an kamfanin da na ma'aikatar da sunayensu. Mai gabatar da ƙara ya ƙi sa hannu. A 1992 aka yi sulhu: Rockwell ya amsa laifuka 10 na karya dokar muhalli, ya biya tarar dala miliyan 18.5, wadda ba ta kai ladan ƙwazon da gwamnati ta biya shi a shekarun ƙarshe na kwangilar ba. Ba a ɗaure kowa ba. Aka rufe rahoton kwamitin, aka haramta wa mambobinsa magana. Masu gabatar da ƙarar sun kare kansu da cewa hujjar manyan zarge-zargen, kamar ƙona shara a ɓoye da dare, ba ta yi ƙarfin da za ta tsaya a kotu ba, kuma ba adalci ba ne a ɗaure mutum kan abin da ma'aikatar gwamnati ta daɗe tana kawar da kai a kansa. Wannan uzurin na biyu, a ganina, shi kansa tuhuma ce.

Lafiyar ma'aikata da ta maƙwabta

Game da ma'aikata babu jayayya mai yawa. Bayan fulutoniyom, sun yi aiki da wani ƙarfe mara nauyi mai suna beriliyom, wanda ƙurarsa ke sa huhu ya yi tabo sannu a hankali har numfashi ya gagara, kuma ba ya warkewa. A shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta amsa cewa aikin makaman nukiliya ya sa wa ma'aikata cuta, majalisa ta yi dokar biyan diyyar dala 150,000 da kuɗin magani. Sai dai mai sankara dole ne a lissafa yawan tururin da ya shiga jikinsa, a nuna cewa aƙalla kashi 50 cikin ɗari shi ne sila. Lissafin kuwa da takardun awon da kamfanin ya ajiye ake yi, waɗanda wasu sun ɓata, wasu ba a cike su daidai ba tun asali. Mutane da yawa sun rasu suna jiran amsa kafin a sassauta wa wani rukuni na tsofaffin ma'aikatan wannan sharaɗi.

Game da maƙwabta kuwa an rabu biyu. Dakta Carl Johnson, shugaban sashen lafiya na gundumar Jefferson inda masana'antar take, ya wallafa bincike a 1981 da ya nuna sankara ta fi yawa a unguwannin da iskar masana'antar ke bi. A shekarar aka tilasta masa barin aiki. Wani nazari da aka sake yi a kan alƙaluman a 1987 ya ce bambancin ya fi alaƙa da zaman birni, kuma binciken da sashen lafiya na jihar Colorado ya yi daga baya bai samu ƙarin sankarar da zai jingina wa masana'antar ba. Ya kamata a faɗi wannan tsakani da Allah. Ya kamata kuma a faɗi dalilin da ya sa mazauna yankin ba su gamsu ba. Sankara takan ɗauki shekara 20 ko 30 kafin ta bayyana, mutane sun ƙaura, sababbi sun shigo, kuma sankara ba ta zuwa da tambarin abin da ya jawo ta. Uwa uba, na'urorin awon da ke bututun hayaƙi sun daina aiki a daren gobarar 1957, don haka duk adadin da ake ambata na abin da ya fita kintace ne.

Masu gidaje da filaye sun shigar da ƙara a 1990 kan faɗuwar darajar dukiyarsu. Sai a 2016 aka sasanta a kan dala miliyan 375, bayan shekara 26, kuma daga baitulmalin gwamnati kuɗin ya fito.

An share ko an binne?

Da farko an ƙiyasta cewa gyaran wurin zai ci wajen shekara 70 da dala biliyan 36 ko fiye. Kamfanin Kaiser-Hill ya karɓi aikin a 1995, a 2000 aka sabunta masa kwangilar da ke ba da lada idan an gama da wuri, ya kammala a Oktoban 2005 a kan kimanin dala biliyan 7. An rushe gine-gine wajen 800, an kwashe fulutoniyom ɗin, an kai shara mai yawa wani rami da aka haƙa cikin gishiri a jihar New Mexico. Aiki ne babba, kuma da yawa daga waɗanda suka yi shi tsofaffin ma'aikatan wurin ne.

Saurin yana da farashi. Ƙa'ida mai tsauri ta tsaya ne a kan ƙasar sama, zurfin kusan mita ɗaya. Ƙasa da nan an yarda a bar guba mai yawa, a zurfin da ya wuce mita biyu kuwa an bar harsashin wasu gine-gine da tsofaffin bututun shara a binne. Tsakiyar filin, kimanin eka 1,300, tana hannun Ma'aikatar Makamashi, a killace, ana tace ruwan ƙarƙashin ƙasarta. Kewayen aka mayar gandun namun daji, aka buɗe wa masu yawon shaƙatawa a Satumban 2018. Hukumomi sun ce awonsu ya nuna babu haɗari. Masu adawa suna tambayar abin da zai faru idan dabbobi masu haƙa rami suka tono ƙasar, ko ambaliya irin ta 2013 ta zo, ko wutar daji irin wadda ta cinye gidaje sama da 1,000 a kusa da wurin a Disambar 2021. Hukumomin makarantu da dama, har da na Denver, sun hana kai ɗalibai gandun. A 2019 wani awo a gefen gabas, inda ake shirin gina babbar hanya, ya nuna fulutoniyom ninki biyar na ƙa'idar sharar, ko da yake sauran awon da aka yi a kusa ba su nuna haka ba. Garin Broomfield ya janye daga aikin hanyar. Duk da haka sababbin gidaje sun taso har gefen shingen gandun.

Rocky Flats ma mai sauƙi ce idan aka kwatanta da Hanford, inda tankuna 177 ke riƙe da sama da lita miliyan 200 na shara mai tsananin guba kusa da kogin Columbia, sama da 60 daga ciki ana zargin sun yi yoyo.

Abin da ke tafe, da inda ya taɓa mu

Amurka ta koma ƙera ƙwallayen. Shirinta shi ne 80 a shekara, 30 a Los Alamos ta jihar New Mexico, 50 a Savannah River. A Satumban 2024 wata kotun tarayya a South Carolina ta yanke cewa ba a yi cikakken nazarin illar shirin ga muhalli ba kamar yadda doka ta tanada. Wannan karon akwai hukumar sa ido ta daban da aka kafa a 1988, amma shawara take bayarwa, ba ta da ikon rufe masana'anta.

A ƙasar Hausa babu masana'antar makami, amma a kusa da mu akwai bakin farko na wannan sarƙa. Ana haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971. Mahaƙar Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, ta rufe a Maris ɗin 2021, ta bar tulin dusar ma'adini da ƙungiyar bincike ta Faransa CRIIRAD ta ƙiyasta da tan miliyan 20. Wannan ba fulutoniyom ba ne, haɗarinsa bai kai nasa ba, amma hanyar cutarwar iri ɗaya ce: ƙura, iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin Orano na Faransa, wanda ya tafiyar da mahaƙar, ya ce zai rufe tulin da laka da duwatsu. A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da Somair, ɗaya mahaƙar da Orano ke da kaso mafi girma a ciki, hannun ƙasa, ita da kamfanin kuma suna cikin shari'a. A irin wannan rabuwar kai ne takardu ke salwanta. Tsohon ma'aikacin Akokan da tari zai kama nan da shekara 15 zai buƙaci takardar awon tururin da aka yi masa yana bakin aiki, don haka ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula na Arlit suna da hujjar neman a ba kowane ma'aikaci kwafin tasa tun yanzu, a kuma riƙa liƙa sakamakon awon rijiyoyin garin a inda kowa zai karanta.